Daga Gidan Rumji Zuwa Gazawa, Inda Ake Ta Da Tsofaffin Injina

Babbar hanyar kwalta da ta ratsa Jamhuriyar Nijar daga yamma zuwa gabas, wadda hukuma ta lasafta ta lamba ɗaya a cikin hanyoyin ƙasa, idan ta baro Birnin Ƙonni ta shigo jihar Maraɗi, sai ta bi ta Gidan Rumji da Tsibirin Gobir, ta gitta ta bakin birnin Maraɗi, sa'an nan ta miƙe ta Cadawa da Agye da Gazawa har Tasawa, kafin ta nufi Damagaram. Wanda ya zauna cikin babbar bas ta zamani ya bi wannan hanya, abin da idonsa zai kama bai wuce gonaki da itatuwan gawo da rumbuna ba. Amma wanda ya sauka ya tsaya a tasha ranar kasuwa zai tarar da wata rundunar motoci dabam, waɗanda aikinsu ke farawa daga inda kwalta ta ƙare, su ne tsofaffin Peugeot akori-kura, da Land Rover, da Toyota na zamanin da, masu keta rairayi su shiga ƙauyuka su fito da buhunan aya da wake da riɗi, da awaki, da mai naƙuda idan dare ya yi. Babura da kekuna masu ƙafa uku sun rage musu aiki ƙwarai, adadinsu kuma sai raguwa yake yi, amma har yanzu akwai lodin da ba mai ɗaukarsa sai su.

Na daɗe ina son in ga da idona yadda motar da aka ƙera tun ba a haifi direbanta ba take ci gaba da neman abinci, saboda haka da Allah ya nufe ni da zuwa zumunci ƙasar Maraɗi a ƙarshen kaka, bayan an ɗaure gero an kai rumbu, hunturu ya fara kaɗawa, na bi ta Jibiya da Ɗan Isa, sai na ƙudura cewa duk garin da na sauka zan nemi garejin da ake buɗe inji, in zauna in saurara.

A Gidan Rumji na fara. Garejin inuwar dogon yaro ce da rumfar kwano, da ƙarafa uku da aka haɗa kawunansu aka rataya sarƙa, ga injin Peugeot 504 yana lilo a jikinta. Maigidan wurin dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda da na yi sallama na faɗi abin da ke tafe da ni, sai ya sa yaro ya kawo mini benci, ya ce, "Bismilla, Malam, zauna daga nan, kada mai ya taɓa maka riga." Mai motar ya kawo ta ne domin tana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai, ba ta kuma iya hawan jigawa da kaya sai an sauke rabi. Na lura dattijon, da ya kwance ƙusoshin kan inji, bai ɗaga shi sama kai tsaye ba, sai da ya girgiza shi gefe da gefe har ya saki. Yana cire shi kuma ya sa aka danne bakin silinda huɗun nan da wasu 'yan ƙarafa, ya hana yara juya karanshaf. Da na tambayi dalili, ya nuna mini cewa silindar wannan inji ba a jikin gangarsa aka fafe ta ba, riga ce ta ƙarfe da ake zurawa a kuma zare, ruwan sanyaya inji yana kewaye da ita. Idan ta motsa daga mazauninta ba da niyya ba, abin da ya toshe ƙasanta zai saki, ruwa ya gangara cikin mai, aikin kwana ɗaya ya koma na mako.

A cikin wannan riga sirrin tsawon ran motar yake. Injin da aka fafe silindarsa a jikin ganga, idan ya cinye, ba makawa sai an ɗauke shi an kai birni wurin masu na'urar fafa, kuma fafar tana da iyaka. Amma injin Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, da na ƙanwarta 504, wadda ta fito a 1968, an yi su ne yadda bakanike zai zare tsofaffin riguna huɗu, ya zura sababbi tare da fistin da ringinsu, inji ya koma ma'auninsa na ranar da ya bar masana'anta, a ƙarƙashin itace, ba tare da lantarki ba. Ba a ƙera su da nufin ƙasar Gobir ba, amma hikimar da aka sa a cikinsu ta dace da ƙasar da ba ta da na'ura sai hannu da basira. Duniya ta shaida ƙarfin 504 tun da aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, ta kuma ci tseren Safari na Kenya a 1975.

Ta ƙofa biyu waɗannan motoci suka shigo wannan yanki. Ta kudu, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa su a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da barin ƙera ta a Faransa, shi ya sa kayanta suka cika kasuwannin Kano da Katsina. Ta arewa kuwa, a shekarun 1970 da 1980, samarin Turawa kan sayi tsohuwar Peugeot a ƙasarsu, su tuƙo ta su keto Sahara ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su koma gida a jirgi, har rikicin Aljeriya da tawayen arewa na farkon shekarun 1990 suka rufe wannan hanya. Dukiyar sayensu tun asali daga gyaɗa ta fito, wadda ta gina alhazan Maraɗi kafin farin 1973 da cutar da ta biyo bayansa su karya nomanta, fatauci tsakanin iyakokin biyu ya maye gurbinta. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, abin da ake sayowa daga Faransa ya yi tsadar da talaka ba ya iya kaiwa, sai gyara ya zama dole.

Kan injin motar Gidan Rumji da karanshaf ɗinta kuwa sai an kai su Maraɗi, na bi yaron da aka aika da su. Mun wuce Tsibiri, inda sarakunan Gobir suka kafa gadonsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ban tsaya ba sai don gaisuwa. A birni ne ake da na'urar da ke goge wuyan karanshaf, a rage shi kaɗan har ya koma da'ira sosai, a nemo masa metal mai kauri daidai da abin da aka rage. A can kuma ake aske fuskar kan inji idan zafi ya lanƙwasa shi, domin na alminiyam ne, gangar kuwa ta baƙin ƙarfe, zafi ba ya buɗa su daidai da juna. Mai na'urar ya gaya mini cewa direbobi da yawa kan roƙe shi ya ƙara askewa, don sun ji an ce mota takan ƙara ƙarfi. Gaskiya ne matsin yakan ƙaru, ƙarfi ya ɗan ƙaru. Sai dai injin da matsinsa ya yi yawa yana bukatar fetur mai kyau, wanda kuwa ke shan na kwalba a bakin hanya, yau mai kyau gobe gauraye, zai riƙa ƙwanƙwasa a kan tudu har fistin ya huje. Matatar man Damagaram da aka buɗe a 2011 ta sauƙaƙa samun mai tsabta a gidajen mai na kan kwalta, amma direban ƙauye yakan sha abin da ya tarar ne.

Babbar musiba a wannan sana'a ita ce jabun kaya. Yawancin abin da ake sawa a inji daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano yake fitowa, ko daga tsofaffin injinan Turai da ake saukewa a tashoshin teku, kuma duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023, kaya kan yi wuya, marasa tsoron Allah su sami kasuwa. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, amma ringin da ke ciki ba zai kai damina ba. Fukaha'unmu na Malikiyya sun daɗe da hukunta cewa mai sana'ar da ya kafa kansa don jama'a yana lamunce abin da aka ba shi ya tafi da shi, mas'alar tana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid wadda almajirai ke karantawa a zaurukan Maraɗi da Katsina. Illa dai bakanike yana ɗaukar lamunin aikin hannunsa, ga kuma ha'incin wani da bai taɓa gani ba ya hau kansa, domin idan injin ya lalace sunansa ne zai ɓaci a tasha, ba na mai shago ba. Na ga dattijon Gidan Rumji ya zura sabon ringi cikin riga, ya ɗaga ta sama yana duban tazarar da ke tsakanin bakunansa biyu, ya mayar da kwalin gaba ɗaya, ya ce a canjo. Wannan ita ce amana a aikace, kuma ta jawo masa fushin mai mota da ke gaggawar kasuwa.

Daga nan na yi gabas. Tsakanin Cadawa da Agye ƙasa ce ta aya, ga buhunanta jibge a bakin hanya suna jiran motocin da za su kai su Nijeriya, gonaki kuma cike da 'ya'yan itatuwa da manoma suka bari suka tsiro daga kututture, aikin da ya sa sunan ƙauyen Ɗan Saga ya kai ƙasashen waje. A Agye na fi daɗewa, domin a can na sami wani bakanike matsakaicin shekaru wanda ya wuce mayar da inji yadda yake, ya kai ga tunanin abin da zai sauya don ya dace da ƙasar. Na tambaye shi abin da ke kashe inji a wurinsu, ya amsa da cewa, "Malam, abu biyu ne, ƙura da zafi. Gudu ba ya cikin lissafinmu."

Bayaninsa a kan ƙura ya gamsar da ni ƙwarai. Rairayin da iskar hunturu ke ɗauka ya fi ƙarfen silinda tauri, idan kuwa ya sami hanya ya shiga ta kafireta ya gauraya da baƙin mai, sai ya zama daidai da man nan mai tsakuwa da makanikai ke wasa bawul da shi, ya yi ta cin ringi da riga a kowane bugu, dare da rana. Matatar iska ta takarda tana tacewa sosai, amma takan toshe da wuri a hanyar ƙauye, sabuwa kuma kuɗi ce, sai direba ya huda ta da ƙusa ko ya cire ta ya ajiye. Saboda haka shi yakan nemo tsohuwar matata mai kwanon mai a ƙasa, irin ta Land Rover da manyan motocin da, wadda iska ke faɗawa kan mai ta bar ƙurarta a ciki, ya ɗaura ta, ya ɗaga bakin shan iskar sama nesa da taya. Wankinta ba ya bukatar kome sai kananzir da ragowar baƙin mai, yaron mota ma zai iya kowace safiya. A ganina wannan shi ne gyara na haƙiƙa, wanda ya duba aljihun mai mota da halin direba, ya sa kiyaye injin ya zama abu mai sauƙi har malalaci ya iya yi.

Sauran sauye-sauyensa duk a kan wannan tafarki suke. Tsohon dinamo na 404, wanda ba ya cika batir sai mota tana gudu, yakan cire shi ya sa altaneta na Toyota, domin motar kasuwa rabin ranarta a tsaye take ana lodi. Kwantak ɗin da ke cikin delko, mai ƙonewa da bukatar a riƙa daidaita shi, yakan musanya shi da na'urar wuta marar kwantak, amma ya naɗe tsohon a tsumma ya sa a akwatin direba, saboda idan sabuwar ta mutu a daji ba mai iya gyara ta, tsohon kuwa ana iya goge shi da takardar yashi a iso gida. Lagireto yakan ba masu walda su ƙara masa layi. Kuma ya hana a zuba masa ruwan rijiya, wanda ke barin farar ƙasa a cikin bututu yana kuma cin alminiyam, ya ce in ba a iya sayen ruwan kanti ba, a tari na sama da damina a adana.

Akwai inda muka saɓa. Kamar yawancin abokan sana'arsa, yakan cire ɗan makullin nan da ke tsare ruwa har sai inji ya ɗumama, bisa hujjar cewa kayan ƙasar sanyi ne, kuma idan ya maƙale a rufe zai dafa inji. Tsoronsa yana da asali, domin jabu yakan maƙale. Amma asubahin hunturu a Agye sanyi ne na gaske, injin da ba shi da wannan makulli yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, fetur ɗin da bai ƙone ba ya riƙa wanke mai daga jikin riga, ƙarfe ya goga ƙarfe, ga shan mai ya ƙaru. Maganin makulli marar kyau shi ne a gwada shi cikin tafasasshen ruwa a ga ya buɗe kafin a ɗaura. Haka nan ban yarda da al'adar buɗa ƙofar fetur ta kafireta da waya don neman ƙarfi ba, abin da ake samu baƙin hayaƙi ne da fulogi mai dauɗa. Ya saurare ni da ladabi, ya ce zai gwada a motar ƙanensa, muka rabu a kan haka.

A Turai ma ana ta da irin waɗannan motoci, amma don sha'awa, a goge su a fita da su ranar hutu. Waɗanda halinsu ya fi kusa da namu su ne mutanen Kuba, da takunkumin Amurka ya tilasta wa riƙon motocin shekarun 1950 har yau, suna sa musu injinan wasu ƙasashe. A nan ma akwai masu cire injin Peugeot su dasa na Toyota mai gas, idan kayan asali sun gagara, sai dai dashe yana zuwa da nasa wahalhalun, na giya da mazauni da nauyi a kan ƙafafun gaba.

Gazawa, wadda aka yanke daga Agye ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ita ce zangona na ƙarshe, a can kuma na halarci ɗaure kan inji da tayar da shi. Maigidan garejin ya bi ƙa'ida wajen jeri, ya fara da ƙusoshin tsakiya yana kewayawa zuwa gefe, bai ɗaure ko ɗaya gaba ɗaya a karo guda ba. Amma ƙarfin ɗaurin da damtsensa ya auna shi, da sifana da guntun bututu, domin ba shi da sifanar nan mai ma'auni da ke nuna iyakar da za a tsaya. Haka tsayin da riga ke yi bisa fuskar ganga, wanda bai wuce kimanin kaurin takarda ba, kuma a kansa lafiyar gasket ta dogara, da farcen yatsa ya shafa ya ce ya yi. Na yi imani hannunsa ya kusa daidai, shekaru masu yawa ne suka koya masa. Da aka zuba mai da ruwa, ya yi bismilla, yaro ya murɗa makulli, injin ya yi tari ya kama, maigidan ya ɗora sukuddireba a jikin ganga ya kanga kunnensa a kan ƙotar yana sauraro, sa'an nan ya umarci direba da kada ya yi lodi mai nauyi ko gudu har sai ringi sun zauna, ya kuma dawo a sake ɗaure kan inji a daidaita bawul a juye man farko.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaran. Akwai su da dama a kowane gareji, waɗansu sun fito daga makarantar allo, waɗansu sun bar ta boko, suna wanke ƙarafa da fetur, suna miƙa sifana, suna kallo. Kunne da damtsen maigida ba abin da za a ba yaro ba ne ranar yaye shi, sai ya lalata injinan mutane da yawa kafin ya sami nasa. Amma lamba ana rubuta ta a littafi, ma'auni kuma ana koyon karanta shi a mako guda, yaro mai shekara goma sha biyar ya ɗaure ƙusa daidai da injiniyan masana'anta. Ga shi kuma motocin da ke shigowa yanzu masu kwamfuta ne, ba sa karɓar kintace ko kaɗan, wanda bai saba da awo a kan tsohon inji mai haƙuri ba, ba zai iya taɓa su ba. Malamai sun lissafa sana'o'in da al'umma ba ta rayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, ban kuwa ga abin da zai fitar da gyaran motar da ke kai mara lafiya asibiti daga wannan babi ba.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin direbobi da na makanikai na waɗannan gundumomi uku, da attajiran Maraɗi masu motocin sufuri, da hukumomin cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, da malaman makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, su haɗa kai a samar wa kowace tasha sifana mai ma'auni, da abin auna kaurin karanshaf, da 'yan faifan auna tazara, a ajiye su a hannun amintacce ana ara ana mayarwa, a kuma rubuta lambobin injinan da aka fi gyarawa da Hausa, da boko da ajami, a manna a kowace rumfa. Kuɗin wannan duka bai kai na injin guda da ake asararsa saboda ƙusar da aka ɗaure fiye da kima ba. A kuma gaggauta, tun dattawan da suka san waɗannan injina ciki da waje suna raye, a zaunar da su tare da malaman makaranta su koyar da yaran tare.